Lambar da na ba modem

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Habu, kuma har yau in na bi ta unguwar Wunti nakan kawar da kai daga shagon da muka yi aiki. Yanzu tela ne a ciki.

Yaran yanzu ba za su gane sana'ar ba. Lokacin wayar hannu ba ta wadata a Bauchi ba, mai son shiga intanet sai kwamfutarsa ta buga tarho. Yaya Habu ya karɓo babban layi daga kamfanin tarho, waya ɗaya mai ɗauke da lambobi da yawa, ya haɗa shi da wata na'ura cike da modem, abin da ke amsa kiran kwamfuta ya sada ta da intanet. Kowace lamba aka buga, na'urar na gane ta, ta kai kiran kai tsaye inda aka tsara, ba sai wani ya haɗa ba. Sai modem ya ɗauka da wannan ƙara tasa mai kashe kunne. Ni ne abokin aikinsa, kuma a ganina na fi shi kai.

Lamba ɗaya ya ware, da hanyarta, ta nufi tarhon da ke kan teburinmu. Ita ya ba iyalinsa da ke unguwar Ɗan Iya. Masu hulɗa da mu kuwa kullum ƙorafi, layi a cike. Na ce masa asara ce a bar hanya guda tana zaman banza. Ya ce, "Sani, ka bar ta. Gidan da duk ƙofofinsa na baƙi ne, mai gida ta ina zai shiga?" Na yi dariya, na ce tsufa ne.

Da ya kwanta zazzaɓi na samu fili. Na mayar da lambar cikin na modem, da niyyar in gyara kafin ya dawo. Rana ta uku da hantsi jikinsa ya rikice. Matarsa Asabe ta buga tana nemana, don motar tana hannuna. Sau huɗu tana bugawa, modem na yi mata ihu a kunne. Kafin maƙwabta su samo tasi rana ta yi tsaka. Ni ina shago, ina murna ƙorafi ya ragu. Sai bayan la'asar labarin rasuwarsa ya iske ni.

Na san ajali ba ya jira, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta ƙi barina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, kowa da lambarsa a aljihu, amma ɗa na ganin kiran uwarsa ya ƙi ɗauka. Ina jin girgiza kai kawai zai yi. Sana'ar ta mutu bayansa da 'yan shekaru, na'urar ma 'yan gwangwan suka saya. Abin da ya rage shi ne mutanen da har yanzu kan tare ni su ce a wurinsa suka fara aika wa ɗansu saƙo ƙasar waje, su yi masa addu'a.

Asabe ta ɗauka layi ne ya lalace ran nan, kamar yadda ya saba. Shekara ashirin da biyu ina cin tuwonta ban gyara mata ba. Tana karanta wannan jarida. Asabe, ba layi ba ne, ni ne. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, ke kuma ki yafe mini in za ki iya.