Cigiya a Marylebone

Safiyar wata Alhamis ce, sanyi ya fara shigowa. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka sa jiragen Kano suke sauka London cike da ɗalibai da majinyata. Aikina kula da ɗaliban jiharmu. Ina zaune da matata Binta a wani sashen gidan bene, hawa na biyu, a unguwar Marylebone. Yayana, Alhaji Sule, yana tare da mu. Ya zo ne a cire masa yanar ido. An yi aikin lafiya, ran nan kuma za a kwance bandeji.

Binta ta dama kunun tsamiya. Yaya ya kurɓa, ya ce ruwan Ingila bai san tsamiya ba, amma ya shanye. Rediyo na kunne. Mutum biyu suna musu a kan sojojin da Birtaniya ta girke a Ireland ta Arewa. Yaya ba ya jin Turanci sai ɗan na bariki. Ya tambaye ni abin da ya ɗaga musu murya haka.

Na yi masa bayani irin na wanda ya karanta tarihi a jami'a. Na ce ɗaya yana cewa an kai sojan ne don su raba ɓangarori biyu masu kashe juna, kuma in aka janye su za a yi ta yanka. Ɗayan yana cewa ba rabon faɗa ya kai su ba, riƙe ƙasa ne, kuma zamansu shi ne yake ciyar da wutar. Na ƙara da cewa masu yaƙi da sojan sun fara kawo bama-bamai cikin London.

Ya ajiye kofi. "Ni ma an kai ni ƙasar Bama ina tuƙa motar soja," in ji shi. "Aka ce mun je ceton mutanen ƙasar. Su kuwa in sun hango mu, kajinsu suke kwashewa su shiga daji."

"To a janye ke nan, Yaya?"

"Ka ji ɗan boko. Shiga ba wuya. Fitar ce sai an samu wanda zai yarda ya ce kuskure aka yi."

Dole in faɗi ko wane ne shi, don a gane abin da ya biyo baya. Da ya dawo daga yaƙi ya gaji sana'ar mahaifinmu a Fagge. Fatoma ne, wato mai saukar da fatake, yana ajiye musu kaya, yana haɗa su da masu saye. Ƙa'idar gidanmu guda ce: kayan baƙo ba ya kwana a titi. In mutum ya manta da ƙunshinsa, ka ɗauka ka bi shi da gudu. In ya ɓace maka, ka yi cigiya a masallaci da tasha har mai shi ya bayyana. Akwai buhun kanwa na wani Buzu da ya zauna a zaurenmu har ɗansa ya girma ya zo ya karɓa.

Mutanen London kuwa sun riga sun koyi akasin haka. A kowace tashar tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, an manna gargaɗi a kan jakar da ba mai ita. Yaya ya zo garin da ido a rufe. Ni kuma ban taɓa tunanin akwai abin da zan koya wa fatoma game da jaka ba.

Da hantsi likita ya kwance bandejin. Yaya ya ƙifta, ya dubi Binta, ya ce ashe ta yi ƙiba a ƙasar Turawa. Aka auna masa tabarau, aka ce za a aiko. Muka fito wajen sha biyu. Yana ta kallo kamar yaro. Ya ce ashe motocin bas ɗin nan jajaye ne wur haka.

Na bar su a kan benci a wurin jiran bas, gaban wani ƙaramin shagon shayi. Shagon a cike yake. Na shiga kantin magani na kusa in sayo masa maganin ɗigawa. Ta gilashin kantin na ga sauran.

Wani saurayi mai kwat ruwan ƙasa ya ajiye jakar fata a gindin bencin. Ya dubi agogonsa. Ya tsallaka titi ba tare da ita ba. Sabon idon Yaya ya gani. Ya miƙe. Ya ɗauke ta.

"Bature! Kai, Bature! Kayanka!"

Na ji muryar Binta: "Yaya Alhaji, ajiye! Ajiye ta!"

Bai ji ba, ko ya ɗauka kunyar titi take ji. Ya tattare farar babbar rigarsa da hannu ɗaya, ya rungume jakar a ƙirji, ya bi saurayin. Dattijo ne mai shekara sittin da wani abu, amma ya iya wannan gudun, ya yi shi duk rayuwarsa. Na fito bakin ƙofa. Saurayin ya waiwayo sau ɗaya. Ya ga tsoho yana kawo masa abinsa. Ya ƙara sauri, ya sha kwana. Yaya ya kai bayan wata babbar mota da aka ajiye a ɗaya gefen.

Ban ji ƙara ba da farko. Iska ce ta buge ni, ta mayar da ni cikin kantin. Sai gilasai suka fara zubowa daga benaye, suka daɗe suna zubowa. Sai ƙararrawar wani kanti da ba ta tsayawa. Sai wata mata tana kiran suna ɗaya. Hayaƙin yana da warin taya da wani wari da ba zan rubuta ba.

Na sami Binta a ƙasa, tana raye, ba takalmi. Na nufi wurin motar. Wani ɗan sanda ya tare ni da hannu a ƙirji.

"Baya! Kowa baya! Akwai wani bam!"

Na ce yayana ne. Ya tura ni cikin taron. Taron ya tafi da mu.

Muka gudu. Binta tana taka gilashi, tana barin sawun jini. An rufe tashar tube. An rufe titin da ke zuwa gidanmu. Muka bi ta lunguna, bayan wuraren cin abinci, tsakanin kwandunan shara. Wani ya faɗi a gabanmu, aka bi ta kansa. Ƙararrawar wata majami'a ta buga ɗaya. Na tuna ba mu yi azahar ba, na kuma tuna wanda ya saba tuna mana. Sai bayan la'asar muka isa gida. Tabarmar sallarsa tana shimfiɗe inda ya bar ta.

A labaran yamma aka ce shaidu sun ga wani baƙar fata cikin farar riga yana gudu da bam ɗin. Duk layinmu sun san farar rigar. Kafin magariba dutse na farko ya shigo ta taga. Na biyu ya fasa fitila. A ƙasa maza suna taruwa, suna kiran lambar ƙofarmu.

Aka ƙwanƙwasa a hankali. Maƙwabciyarmu ce ta hawan ƙasa, tsohuwa 'yar Ireland, wadda aka taɓa shafe wa ƙofa da kashin kare bayan wani harin.

"Ku tafi yanzu," in ji ta. "Na san abin da ke biyo bayan duwatsu."

Ta fitar da mu ta ƙofar baya ta kicin ɗinta. Ƙafar Binta ta kumbura, sai tsohuwar ta ba ta takalmin marigayin mijinta. Na cire hulata na cusa a aljihu. Motocin haya suka yi ta wuce mu. Muka hau bas, muka sake wata, ba wanda ya zauna kusa da mu. A Edmonton, can arewacin London, abokina Bitrus, mutumin Filato mai aikin jinya, ya buɗe ƙofa. Ya dubi ƙafar Binta. Ya ɗauko ruwan zafi da hantsaki.

Washegari 'yan sanda suka zo suka tafi da ni. Tambayarsu ɗaya ce, suna juya ta. Don me mutum zai ɗauki jakar da ba tasa ba, ya yi gudu da ita? Na yi bayanin fatoma. Na yi bayanin cigiya. Na nemi kalmar a Turancin da na yi shekaru ina taƙama da shi, ban same ta ba. Na ba su labarin buhun kanwa. Babbansu ya ajiye alƙalami, ya ce a nan ba wanda yake yin haka.

Matar shagon shayi ce ta wanke shi. Ta ga wanda ya ajiye, ta ga wanda ya ɗauka. Daga baya aka gaya mini cewa da jakar ta zauna a gindin bencin, da ba wanda ya fita daga shagon da ƙafarsa, balle Binta da ke kan bencin. Jaridun da suka sa farar riga a shafin farko sun gyara maganar a can ciki, cikin ƙananan baƙaƙe. Ba mu koma zama a Marylebone ba.

'Yan sanda suka riƙe gawar don bincike. A Fagge aka yi zaman makoki ba jana'iza, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, shi yana cikin firiji. A tsakanin nan mutum biyu suka same ni. Na farko daga masu son soja su zauna. Yana son hoton Yaya, don a ga aikin mutanen da ake yaƙa. Na biyu daga masu son a janye. Yana so in hau dandamali in ce ga abin da mamaya ta jawo. Kowannensu ya yi mini ta'aziyya mai kyau. Kowannensu ya tabbata da gaskiyarsa. Babu wanda ya tambaye ni abin da Yaya yake faɗa sa'ad da yake gudu.

Ban ba su komai ba. Na bi musun nan tun daga lokacin, na karanta na kowane ɓangare. Wata rana ina ganin in aka janye jini zai ƙaru, wata rana ina ganin zaman ne yake haifar da samari masu kwat ruwan ƙasa. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba. Abin da na sani shi ne saurayin ya waiwayo, kuma yana da lokacin da zai yi ihu.

Da suka ba mu shi, liman ya leƙa akwatin, ya ce ba abin da za a wanke. Muka binne shi a wata maƙabarta a bayan gari, ana yayyafi. Mutumin da zaurensa bai taɓa kwana ba baƙo ba, mu shida muka yi masa salla. Bitrus yana gefe, riƙe da lemominmu.

Abin da na aika Kano ga matarsa da 'ya'yansa: tabarmar salla, carbi, takalmi ƙafa ɗaya. Tabarau ɗin ya iso bayan jirgin da ya ɗauki kayan ya tashi. Yana cikin kwalinsa, a aljihun teburina. Ban buɗe ba. Kayan mutum ne.