Sammacin da Baba Sa-hannu Bai Kai Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Sa-hannu ya yi yana kai sammacin kotu, kuma takarda ba ta taɓa dawowa a jakarsa ba. Sunan ma daga nan ya samo shi, don ko gaisuwa ba ya gamawa sai ya miƙo biro. Takalma kuwa ya kashe su ba adadi. Abin da ya rage masa na taƙama shi ne bai taɓa yi wa alƙali ƙarya ba.

Saura wata biyu ya yi ritaya sai rigima ta tashi. Majalisa ta zartar da wata doka ba da sa hannun shugaba ba, ɓangaren shugaba ya garzaya kotu. Ƙa'ida ta ce sai an damƙa wa akawun majalisa sammaci hannu da hannu cikin kwana bakwai, in ba haka ba ƙara ta faɗi tun ba a buɗe ta ba. To, akawun nan mijin 'yar Baba ne.

Kwana shida Baba yana zarya zuwa majalisa da sammacin. Yau a ce ana zama, gobe a ce an tafi hutu, jibi mai gadi ya ce bai san da wani akawu ba, mutumin da yake buɗe wa ƙofa kullum! Baba ya zauna a bencin bakin ƙofa har ƙafafunsa suka kumbura. A nan mai gadin ya tsegunta masa cewa kakakin majalisa ya rantse duk wanda ya karɓi takardar nan ya bar aiki.

Ran na bakwai da la'asar, Baba ya dawo gida a gajiye, sai ga surukin nasa ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba duk mako. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kai a sunkuye. Jakar tana jingine da gwiwar Baba, biro na aljihun gaba. Miƙa hannu kawai ya rage. Baba ya tuna jikokinsa huɗu, ya ji duk duniyar ta ishe shi. Ya tambayi lafiyar yara, ya sa aka kawo ruwa.

Da surukin zai tashi, ya ce a hankali, “Baba, ko akwai saƙo?”

“Babu. Ka gaida gida.”

Washegari lauyoyi suka cika kotu da manyan littattafai, ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Alƙali, wanda ya san Baba shekara ashirin, ya tambaye shi ko ya sami akawun.

“Ban same shi ba, ranka ya daɗe.”

Alƙali bai ko ɗaga kai ba. Ya ce in dai Baba ne ya faɗa, ba sai an rantsar da shi ba.