Ranar da Injin Baba Ya Yi Zafi a Tsakiyar Dam

Shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu, ɗana na fari yana wata takwas. Kwana biyu jikinsa kamar garwashi. Ran na uku da hantsi idonsa ya ƙafe, hannunsa ya yi fizge-fizge sannan ya saki. Maigidana yana Kano wajen aiki. Surukata, wadda nake ce wa Inna, ta dube shi sau ɗaya ta ce in goya shi, asibitin Kabo za mu. Ko babur ba ya wucewa ta kwalbatin, sai dai a tsallaka dam a kwalekwale, a hau mota a ƙetare.

Ni kuwa tunda nake ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Kwalekwalen na ƙanen surukina ne, Baba muke ce masa. Tun da aka kawo ni gidan, tsakanina da shi sai gaisuwa, ita ma a durƙushe, kaina a ƙasa. Aka zaunar da ni can baya, dab da injin. Don kada in kalli faɗin ruwan, sai na kafe idona a kan abu ɗaya, wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga jikin injin kamar daga bakin buta. Ban san amfaninsa ba. Ina kallonsa ina karanta duk addu'ar da na iya.

Da muka ratsa ta cikin kainuwa, sai na ga siririn ruwan ya rage ƙarfi. Ya koma ɗiga. Can ya ɗauke ɗif. Baba yana kallon gaba, yana hira da wani mai sayar da barkono da ke gefensa. Na matsa na raɗa wa Inna. Ta ce in kama bakina, me na sani a inji, tun ɗazu ma tana kallona ina ta shafa ɗan fari a gaban mutane ba kunya. Na janye hannuna daga ƙafarsa.

Ba a jima ba ƙauri ya taso, irin na silifas in ya faɗa murhu. Ƙarar injin ta dushe, farin tururi ya turnuƙe ta baya. Baba ya yi salati ya kashe shi.

Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Gaɓar da muka baro ta yi nisa, wadda za mu ma haka, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Iska ta fara juya kwalekwalen. Filafili ɗaya ne a ciki.

Maza suka hau musu. Mai barkono ya cika kwano zai sheƙa wa kan injin, Baba ya riƙe hannunsa, ya ce ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake. Wani ya ce man ne aka yi wa algus. Wani ya ce fulogi ne. Baba ya kwance fulogin da tsumma, ya duba, ya hure, ya ce lafiyarsa lau. Ya jira ya ɗan huce, sannan ya kama igiyar tayarwa, ya ce zai lallaɓa shi a haka mu ƙarasa.

Daidai nan yaron ya sake fizga a bayana. Na ji ƙafafunsa sun miƙe sun sandare a kwiɓina.

"Baba," na ce, ban san sanda bakina ya buɗe ba, "ruwan nan da ke fita ta jikin injin, ya daina fita."

Ya juyo. Ban taɓa ganin cikin idonsa ba sai ranar.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen kainuwa."

"Shi ne kika yi shiru, 'yar nan?"

Bai jira amsa ba. Ya saki igiyar, ya ɗago ƙafar injin daga ruwa. Ga wata baƙar leda ta manne a kan ƙananan ramukan da ke saman farfela, saiwar kainuwa ta naɗe ta. Yana yagewa yana gaya wa mazan cewa ta nan injin yake shan ruwan da ke sanyaya shi. Ya ce da ya sake tayar da shi a haka, da robar da ke tura ruwan a ciki ta ƙone ƙurmus, sai dai mu kai la'asar muna tuƙi da filafili ɗaya.

Ya mayar da ƙafar injin cikin ruwa, ya ja igiya. Injin ya tashi. Kowa ya zuba wa ɗan ramin da ruwan ke fita ido. Ko ɗigo. Ya kashe da sauri, na ga zufa tana bin gemunsa. Ya ce ko dai robar ta riga ta tafi, ko ramin fitar ne ya toshe, wa ke da wani abu siriri? Na zare fil ɗin mayafina na miƙa da hannu biyu. Ya miƙar da shi da haƙori, ya yi ta tsokacin ramin har laka da yashi suka zubo.

A ja na biyu injin ya yi kaki, ya feso ruwan zafi da tururi, sannan siririn ruwan ya miƙe. Baba ya tara hannu, ya ce da ɗumi, ya sake tarawa, ya ce ya fara sanyi.

Mai barkono ya ce to direba, yau suruka ta koya maka aiki. Baba ya ce gara ita, shi da ya so yi wa inji wanka fa?

"Idonki a kai," ya ce min. "Ko ragewa ya yi ki faɗa min. Da ƙarfi, ba raɗa ba."

Inna ta kwance yaron daga bayana. Ta jiƙa bakin zaninta tana goga masa a goshi. Ina jin numfashinsa sama-sama a hannunta, amma ba halin in waiwaya. Lokaci-lokaci Baba ya ce, yana fita? In ce yana fita. Haka har kwalekwalen ya daki laka, ruwan sama ya sauko muna hawa mota.

A asibiti suka ce zazzaɓin sauro ne ya so ya hau masa ka. Aka yi masa allura, aka sa masa ƙarin ruwa a ɗan hannunsa. Sai washegari da azahar ya buɗe ido sosai, ya yi kukan yunwa. Da ya kama nono, Inna ta tashi ta ce bari ta nemo mana ruwan zafi, ta ja labule ta bar ni da shi.