Jar Motata da Awon Albasa

Ban yi boko ba. Tuƙi na iya, shi ma da ranƙwashi na koye shi. Na yi shekaru ina jigilar albasa daga Aliero zuwa kudu a babbar mota, har ranar da ta kwanta da ni a wata kwana. Na fito da karyayyen ƙugu da ragowar haƙora. Aka haɗa ni, na tashi, na ce ni da babbar mota har abada. Na koma saye da sayar da albasa a kasuwar Jega.

A wajenmu ba a rage wa mota tsawo, ƙara mata ake yi. Mutum zai sayi mota, kafin ya kai ta gida iyali su gani sai ya biya gareji a ɗaga ta. A ƙara sifirin, a cusa guntun tsohuwar taya a tsakani, saboda buhuna da ramukan hanya. Haka muka taso muka gani.

Da furfura a gemuna na sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, mai dogon hanci, irin wadda aka ƙera don gudu. Tsohuwa ce. Wanda ya sayar mini ya riga ya ɗaga ta, har albasa ya yi ta ɗauka da ita. Tana tsaye kamar zalɓe a bakin fadama. Wata rana a teburin mai shayi aka nuna mini irinta a waya, a wata ƙasa, cikinta kusa da kwalta, tana shan kwana ba ta ko karkata. Ni da kwana ta taɓa kayarwa, abin ya shiga raina. Na kai tawa gareji.

Bakaniken tsohon sani ne, shi ke gyara mini babbar mota a da. Na faɗa masa abin da nake so. Ya ajiye sifana.

"Mi kac ce, Direba?"

"Ka rage mata tsawo."

"Ragewa? Tun da nib buɗe garejin ga kowa ɗagawa shika so. Kai kaɗai kaz zo a sauke ka ƙasa. Anya haɗarin nan ƙugu kaɗai yat taɓa?"

"Yanke."

Ya ɗaga ta da jak, ya cire tayoyi, ya zaro sifirin ɗin nan masu murɗewa, ya fara yanke musu zobe da injin yankan ƙarfe. Wuyar aikin ɗaya ce, a san inda za a tsaya. In motar ta yi ƙasa da yawa, tudun da ake tarawa a kan hanya don rage gudu zai yage mata ciki, kuma a cikin nan tukunyar baƙin mai take, da salansa. Ya ɗauko tef zai gwada. Ni ban karanta lamba, abin da ban karantawa kuma ban yarda da shi. Na je rumfata na zaɓo albasa mafi girma, 'yar Aliero, wadda sai da hannu biyu ake riƙe ta.

Na ce, "Ga ma'auni. Duk tudun da ke Jega bai fi wagga ba, da ƙuguna na san su. In ta wuce ƙarƙashi, mota ta wuce."

Ya dube ni, ya dubi albasar, ya ce, "To, Injiniya."

Muka sauke mota, na durƙusa na mirgina albasa daga gaba. Ta fita ta baya tana rawa. Na ce a ƙara yankewa. Aka ƙara. Na sake mirginawa, ta wuce, ɓawonta ya ɗan shafi salansa. Na so a ƙara, ya ce ko zan yanka shi ba zai ƙara ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa sifirin da aka yanke yana ƙara zama a hankali, in riƙa dubawa.

Ta yi kyau, wannan ba zan yi ƙarya ba. Sai dai shigarta kamar shiga rami ne, fitarta kuma sai na dafa ƙasa. Ƙuguna ya gaya mini ra'ayinsa tun ranar farko. Kowane tudu sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan kabu-kabu suna wuce ni suna yi mini sannu da gudu. Motar tsere ce, amma ban tuna ranar da na wuce kowa da ita ba.

Gargaɗin bakanike kuwa na riƙe shi. Na ajiye albasar nan a cikin mota, duk Juma'a in durƙusa in mirgina ta. Kullum wucewa take. Na yi watanni ina jin ni mutum ne mai lura. Ni da na girma a cikin albasa, na san yadda take ramewa in ta daɗe a ajiye, har buhu ya yi sako-sako. Amma ban taɓa kawo wannan a kan tawa ba. Mota tana sauka, albasa tana motsewa, tare suke tafiya ƙasa. Kuma duk awon nan mota ba kowa a ciki, a kan siminti.

Bayan damina, wata safiya, taubashina ya kira ni daga Gumbin Kure. Ɗan kawuna ne, ƙaton mutum, mun saba tsokanar juna tun muna yara. Ranar babu wasa a muryarsa. Ya ce Kawu ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙafa ta karye a ƙwauri, tana kumbura. Sai an kai shi wurin masu ɗori a Aliero. A danginmu ni kaɗai ke da mota.

Kawun nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Lokacin da na karye, shi ya zauna a kaina yana juya ni kamar jariri. Ban tsaya tunani ba, na tayar da mota.

Daga kwalta zuwa ƙauyen hanyar ƙasa ce. Amalanken shanu sun ci gefe biyu, sun bar doro a tsakiya. Da zuwa, ni kaɗai, na ji cikin motar yana shafar doron nan, na ce ciyawa ce.

Na tarar da Kawu kwance a zaure, an ɗaure ƙafar da kara da tsumma. Gumi yake, amma bakinsa na nan. Ya leƙa waje ya ga motar.

"Wagga ce motar? Ina sauranta?"

"Ita ke nan, Kawu."

"Ƙasa ta haɗiye rabi ko?"

Shigar da mai karaya cikin mota mai ƙofa biyu aiki ne da ban yi wa maƙiyi fata. Muka kwantar da kujerar gaba, muka zura shi a hankali, yana salati. Taubashina ya naɗe kansa ya shiga baya don ya riƙe ƙafar. Da ya zauna na ji motar ta yi ajiyar zuciya ta durƙusa.

Ba mu bar garin sosai ba ta hau doro ta zauna. Tayoyi na juyawa, mota ba ta motsi.

Taubashina ya ce, "Kai, bawana, garma kas saye ko mota? In huɗa kaka so, ga gonarmu can."

"Fita. Nauyinka ne."

"Nauyina? Ni nac ce a yanke mata ƙahwahu?"

Ya fita da ƙyar, ya tura, ta sauka. Daga nan har kwalta a ƙasa ya tafi, hannunsa ɗaya ta taga yana tallafe da ƙafar tsoho, ni kuma ina jan motar tsere da saurin mai tafiya kasuwa. Wata mata da tulu a ka ta wuce mu. Sifirin da aka yanke ba shi da tausayi, duk tsakuwar da muka taka sai ta isa ƙashin Kawu. Ba ya kuka, sai dai ya ce "Allah" a taƙaice. Na ji kowace ɗaya a ƙuguna.

Daf da kwalta akwai wani tudu da mutanen wurin suka tara da jar ƙasa da duwatsu. Na hau shi a karkace yadda na saba. Na ji ƙara a ƙasa, irin ta tukunya in ta faɗi. Muka hau kwalta, taubashina ya koma ciki, muka miƙa. Ba mu kai Maiyama ba jar fitilar mai ta kama. Na tsaya na leƙa. Baƙin mai yana ɗiga, ya ja layi a bayanmu.

Na san ma'anar wannan. In na kashe ta a nan, a liƙe tukunyar, inji ya tsira. In na ci gaba, zai ƙone. Na tsaya a bakin hanya ina ɗaga hannu. Motocin da suka wuce duk a cike suke, ranar kasuwa ce, mutane har kan buhuna. Na koma na duba Kawu. Yatsun ƙafar sun fara canza launi, na taɓa na ji sanyi. Na taɓa ganin ƙafar da ta yi haka a gidan ɗori, kuma na san inda ta ƙare.

Na sayi baƙin mai a wurin masu sayarwa a bakin titi, na ɗura, na ce mu tafi.

Taubashina ya ce, "Injin hwa?"

"Riƙe ƙahwa."

Ranar ce kaɗai na ga gudun motar nan. A kan kwalta mai kyau ta kwanta kamar an liƙa ta, ba girgiza, ba karkata. Kawu har ya rufe ido. Na ratsa Jega ina hon, tudun cikin gari kuwa kowanne ya karɓi rabonsa daga cikinta. A ɗaya salansa ta cire ta zauna a titi, ban waiwaya ba. Daga nan ƙararmu ta zama kamar ta jirgin sama, mutane suna fitowa daga shaguna su ga abin da ke zuwa. Na sake tsayawa na ɗura mai, ya bi ta ƙasa ya fita kusan yadda ya shiga.

Muna hango gidajen Aliero inji ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wari, ya yi shiru. Na bar ta ta gangara har inda ta ga dama. Sauran tafiyar a amalanken wani manomi muka yi ta, Kawu kwance a kan buhunan da babu komai, ni da taubashina muna biye a ƙasa.

Mai ɗorin dattijo ne marar yawan magana. Ya kwance tsumman da aka ɗaure a gida, ya ce an matse shi da yawa, shi ya hana jini sauka. Ya shafa ƙwaurin, ya sa muka danne Kawu, ya ja. A nan ne Kawu ya yi ƙara, sau ɗaya. Aka jera karan ɗori aka naɗe. Muka zauna muna kallon yatsun nan. Can wajen la'asar dattijon ya dawo ya matsa babban yatsa, ya ce, "Motsa." Ya motsa. Launin ya fara dawowa.

Na fita waje na zauna a kan dutse.

Ni na yi jinyarsa, makonni, a ɗakin da ke cike da masu karaya. Duk wanda ya zo dubiya sai Kawu ya ba shi labarin motar, kullum yana ƙara mata gajarta. Har ya kai ga cewa a hanya kunkuru ya leƙo ta taga ya gaishe shi. Masu karyayyen haƙarƙari suna roƙonsa ya bari, dariya na yi musu ciwo. Motar kuwa aka ja ta zuwa gareji, inji ya ƙone ƙurmus.

Ranar da aka kwance ɗori, Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya taka, ya sake takawa, ya saki kafaɗar ya isa bakin ƙofa da kansa. Na ce ya jira a nan in je in nemo motar da za ta kai shi gida.

Ya ce, "Kai za ka zaɓo ta?"

"Ni, Kawu."

Ya juya wajen ɗansa, taubashina. "Tashi ka bi shi."