Buhunan karyayyun garemanin Hamma Sale

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Hamma Sale maƙeri, na unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo. Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara nakan tuna shi da addu'a in yi shiru, amma bana akwai maganar da na kasa faɗa wa 'yarsa Hajara, ga shi ranar Juma'a za ta iso gida.

Hamma mutum ne mai wata irin ɗabi'a. In garmar da ya ƙera ta karye a gona, sai ya roƙi mai ita ya dawo masa da ita. Manoman garin Mutum Biyu har dariya suke masa. Zai zauna bakin maƙera da hantsi, ya karkata wurin karayar ga rana, ya yi ta kallo har shayinsa ya huce. Kafin garma ta bar hannunsa ya riga ya yi mata shaida da magagari: tsaga ɗaya in a ruwa ya tsoma ƙarfen da zafinsa, biyu in a baƙin mai ne, uku in daga sifirin mota ya yanko shi. Karyayyun kuwa a buhu yake tara su, har suka cinye rabin zaure.

Nakan tsokane shi: "Hamma, wai gadon da za ka bar mana ke nan?" Sai ya ce, "Kai malamin makaranta ne, ba ka san komai ba. Akwai dalilin da ya sa wannan ta karye waccan ta ƙi. Ni dai ban gano shi ba tukuna."

Ranar da ya rasu masu ta'aziyya suka yi yawa, babu wurin shimfiɗa tabarmi. Ni da bakina na ce a kwashe tarkacen nan. Masu tara tsofaffin ƙarafa suka zo da kura, kafin la'asar zaure ya zama fes. Wallahi a lokacin gani nake na yi abin kirki.

Yanzu Hajara tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniya na sanin halin ƙarfe da siminti da roba da gilashi. Da ta zaɓe shi dangi sun yi ta gunaguni, wai me ya hana ta likitanci. Ita kuwa ta ce mu dubi kwanon rufinmu da ke tsatsa tun bai tsufa ba, da bulon da ke marmashewa a hannu, da batirin sola da zafin garin nan ke kashewa. Wani ne zai zauna ya gano dalili, in ji ta, to me ya sa ba ita ba?

Wani lokaci nakan rufe ido in ga Hamma a ɗakin gwajinsu, da hularsa mai toka, an sa masa gutsuren garma ƙarƙashin madubin da ke girmama abu. Me zai ce in ya ga cikin ƙarfe ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara? Ina jin sai an yi da gaske kafin a fitar da shi sallah.

Watan jiya ta kira ni, murya cike da murna. "Bappa, ashe abin da Baba ke yi darasi ne guda a nan! A kan buhunansa zan yi aikina na ƙarshe. Suna nan, ko?" Na ce layin ba kyau. Kunya ta kama ni har ƙafa.

Shi ya sa na hau mota zuwa Mutum Biyu, na bi gida-gida ina neman garma mai tsaga. Cikin kwana biyu na samo karyayyu huɗu. A gida na ƙarshe wani tsoho ya fito da tasa, mai tsaga biyu, bakinta ya cinye ya yi siriri. Na miƙa hannu, ya janye ta.

"Wannan bai karye ba," in ji shi. "Gobe ma ina noma da shi. In ya karye ka dawo."

Na tsaya a ƙofar gidan mutumin nan hawaye na zubo mini. Aikin Hamma na nan cikin ƙasa yana ci, tambayarsa kuma na hannun 'yarsa. Abin da ke tsakani ne na zubar.

Hajara, guda huɗu na samo miki. Sauran ni na sa aka kwashe, ba kowa ba. Ki yafe wa Bappanki.