Saƙin da Ban Aika Norwe Ba

Ɗana na fari ya tahi karatu wata ƙasa da ake kira Norwe, ya yi aure can, har ya samu ɗiya. Sunana aka sa mata. Ban taɓa goya ta ba, sai dai in gan ta cikin waya.

Bara, muna jiran ruwan shuka, ya kira ni. Ya ce bikin ranar ƙasarsu ya kusa. Wai ran nan ba soja ke maci ba, yara ne ke cika titi da tutoci, ana yi musu kiɗa, su sha ƙanƙara mai zaƙi har ta ishe su. Mata kuma kan sa tufafin garin kakanninsu. Da ganin ɗinkin ka san inda mutum ya hito.

"Inna, ki aiko wa takwararki baƙin saƙin nan na kaka, ta shiga cikinsu da namu."

Na ce, "To, za ni duba."

Ina za ni duba? Saƙin yana cikin adakata a Gatawa ranar da 'yan bindiga suka sa wa shiyyarmu wuta. Uwata ta kaɗa zarensa da hannunta, da shi aka kai ni ɗaki. Ɗana ya san mun gudo Sabon Birni, amma kullum ce mishi nake mun kwashe kayanmu tsaf. Ni ba a jin kukana cikin waya.

Na hau babur har Tsamaye neman wani tsohon masaƙi da na sani. Na iske rumfar, ban iske shi ba. Na zaga kasuwar Isa, duk atamfar kanti.

Daga ƙarshe na kwance kallabin da na gudo da shi bisa kaina, na wanke, na ba mai zuwa Sakkwato ya aika. Da ya isa, ɗana bai tambaye ni komi ba. Nan na san ya gane.

Ranar bikin ya kira wayar maƙwabciyata, irin kiran da ake ganin juna. Ga takwarata tsakiyar yara, tuta a hannu, kallabina ɗaure a wuya kamar mai mura. Wata tsohuwa cikin adon garinsu ta duƙa, ta taɓa shi, ta yi mata magana.

Na ce, "Me ta ce?"

"Tambaya take, na wane gari ne."

"Ita takwarata fa, me ta ce mata?"

"Ta ce Gatawa. Wai in ta girma za ta zo ta gani."

Na ce ya gyara mata ɗaurin, bisa kai ake sa shi. Sai na miƙa wa maƙwabciyata wayar, na ce ta kashe.