'Yan Kunnen Mama a Kan Molon Baba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Baba Yohanna, yayan mahaifina, mai kaɗa molo a cocinmu na Kafanchan. Ni kuwa, Habila, duk Kudancin Kaduna babu mai kunne irin nawa. In sauro ya yi waƙa a Kajuru ya kauce murya, daga nan nake gyara masa. Shi ya sa da aka shirya sujadar tunawa da Baba, na bugi ƙirji na ce zan dawo da muryar molonsa cikin kwamfuta, tunda gara ta cinye na ainihi. Matarsa, Mama Saratu, ta ce abin da take so ke nan ta ji kafin ta bi shi.

Na ɗauko tsohon kaset na kaɗin Baba, na kwashi sautin, na ɗora a kibod. Da na taɓa madannin babbar tsirkiya sai sifika ta yi wani gunji kamar an taka bijimi a wutsiya. Kwanon rufi ya amsa, kajin maƙwabta suka yi hijira. Tir da wannan na'ura. Molon da tsoho ya haɗa da icce da fatar akuya bai taɓa yi mana haka ba, sai injin da aka ce ya fi mutum wayo.

Na zauna ina farautar gunjin, ina rage shi kaɗan kaɗan har ya mutu. Sai na ji wata zizza siririya tana bin kowane kaɗi. Na ce wannan ma datti ne, na kankare ta tas.

Da Baba zai leƙo cocinmu yau, ban san me zai ce ba. Sifika ta fi fasto tsawo, mawaƙa suna ihu, tsofaffi suna toshe kunne da bakin gyale. Shi kuwa a hankali yake kaɗi, amma na bencin baya ma yana jin sa. Na sha ɗauka abin da ya rage nasa yana cikin kaset ɗin nan. Ashe yana kunnen matar da ta saurare shi tun tana amarya.

Ranar sujada na kaɗa, sauti fes kamar an goge shi da sabulu. Aka tafa. Mama ba ta tafa ba. A bakin ƙofa ta tambaye ni ina zizzar, na ce ai na cire dattin. Sai ta gaya mini Baba ya yanki gwangwanin madara ya liƙa a kan molon, ya rataya masa tsofaffin 'yan kunnenta, don duk kaɗin da ya yi ta ji kanta a ciki.

Ta dafa kafaɗata ta ce, “Sannu da aiki, ɗana. Ka wanke molon nan har ka wanke ni da mai shi.”